Fulogi Huɗu, Shida Ko Takwas? Shawara Ga Mai Haɗa Motar Gudu

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin matasanmu masu sha'awar mota. Ana yin ta a gareji, ana yin ta a majalisar dare wajen mai shayi, yanzu kuma ta koma cikin wayoyi. Gardamar kuwa ita ce: idan mutum ya sami tsohuwar mota mai lafiyayyen jiki, yana son ya tashe ta ta zama motar gudu, wane inji ya kamata ya ɗora mata? Mai fulogi huɗu, mai shida, ko mai takwas? Mai lita 1.8, mai 2.5, ko kuwa a yi ta ta ƙare a ɗauko mai lita 4?

Duk inda na saurari wannan gardama, bakin masu cewa a ɗauko babba shi ya fi ƙarfi. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: babban inji babban ƙarfi, in za ka sha giya sha ta dubu. Daga baya kuma sai ga wani rukuni ya ɓullo, na yaran da suka buɗe ido da bidiyon intanet, suna cewa ai zamanin babban inji ya wuce, a nemi ƙarami a liƙa masa turbo, ya bar mai takwas ɗin a baya yana shaƙar ƙura.

Ni dai ban goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ra'ayina shi ne, ga wanda zai haɗa mota a ƙasar nan, ya zuba mata man ƙasar nan, ya hau titin ƙasar nan, makanikin unguwarsu ya riƙa duba masa ita, to matsakaicin inji mai fulogi shida, mai lita biyu da rabi, marar turbo, shi ne zaɓin mai hankali. Kuma kada mai karatu ya ɗauka maganar ta ado ce kawai. Akwai dukiyar da yaro ya yi shekaru yana tarawa a ciki, akwai ransa, akwai kuma rayukan mutanen da ke tafiya a gefen titi ba su ji ba ba su gani ba.

Don kada in yi ta magana a iska, zan ɗauki mota guda in kafa misali da ita, wato BMW ƙirar E30, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1994. Masu wasan mota sun san ta, ƙarama ce, ba ta da nauyi, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma an sayar da ita da injina iri-iri, abin da zai ba mu damar kwatanta su a jiki ɗaya.

Me ake nufi da girman inji?

Da yawa daga cikin masu wannan gardama, in ka tsare su ka ce mene ne 2.5 ɗin nan da ke liƙe a bayan mota, sai a fara inda-inda. Abin kuwa mai sauƙi ne. A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda, kowane rami da fistin ɗinsa yana hawa yana sauka, kowane kuma da fulogin da ke kunna masa wuta, shi ya sa mu a nan muke ƙirga inji da fulogi. Filin da fistin ke sharewa daga sama zuwa ƙasa, in aka tara na dukkan silindojin, shi ne girman inji. Injin 325i yana da cc 2,494, wato kusan lita biyu da rabi, kwatankwacin ledar fiya wata guda biyar, an raba su a ramuka shida.

Inji kuwa tamkar huhu ne. Yana shaƙar iska, ya gauraya ta da fetur, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Gwargwadon iskar da ya iya shaƙa a minti guda, gwargwadon ƙarfin da zai bayar. Hanyoyin ƙara wannan iska uku ne: a faɗaɗa ramin, ko a sa injin ya riƙa juyawa da sauri kuma a buɗe masa hanyoyin numfashi, ko a tura masa iskar da ƙarfin tsiya, wanda shi ne aikin turbo. Ka ga ke nan girma ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyi uku.

Sannan ƙarfin kansa kashi biyu ne. Akwai ƙarfin murɗawa, wanda shi ne kake ji ya manna bayanka da kujera in ka taka totur, kuma a nan babban inji ya yi fice. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda shi ne ƙarfin murɗawar nan in aka haɗa shi da saurin juyawar inji. Ƙaramin inji mai saurin juyi yana iya kamo babba mai nawa.

Ga misali daga gida ɗaya. Injin M20 da ke cikin 325i yana ba da doki 170. Injin M50 da kamfanin ya fitar a 1990, girmansu ɗaya cif, cc 2,494, amma shi doki 192 yake bayarwa. Me ya kawo bambancin doki 22? Na farkon bawul 12 gare shi, na biyun 24. Ƙofofin numfashi aka ƙara masa, ba a ƙara masa ko cokali ɗaya na girma ba.

Darasi daga Afirka ta Kudu

Wannan gardama tamu, wasu sun riga sun yi ta da kuɗinsu da injiniyoyinsu, kuma a nahiyar nan tamu. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin BMW ya ƙera E30 ta tsere mai suna M3, amma ba a kai ta kasuwar Afirka ta Kudu ba, domin sitiyarinta na hagu ne, su kuma can na dama suke amfani da shi. Sai reshen kamfanin da ke Rosslyn, kusa da Pretoria, ya ce zai haɗa tasa. Suka yi irin tunanin da samarinmu ke yi yau, suka ɗauko injin lita 3.2 na manyan motocin kamfanin suka cusa a cikin wannan ƙaramar mota, suka kira ta 333i. Wannan a 1985 ne.

Motar ta yi gudu, ba a musu, ta ba da doki kusan 200. To amma injin ya cika bonet maƙil, har ta kai mai saye sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko na'urar sanyaya ciki, ko fawa sitiyari. Babu wurin da zai ɗauki duka biyun, taura biyu ba ta taunuwa. Ka tuna fa masana'anta ce ta yi wannan aiki, da injiniyoyi da kayan awo, ba gareji a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ba. Ɗari biyu da 'yan kai kawai aka ƙera aka tsaya.

Da suka tashi sake lale a 1990, don su shiga gasar tsere ta ƙasarsu, sai suka koma kan injin 2.5 ɗin nan na asali, suka ɗan buɗa shi ya zama 2.7, suka rage wa motar nauyi, suka gyara mata ƙafafu da birki, suka kira ta 325iS. Kashi na biyu na wannan mota, wanda ya fito a 1991, ya ba da doki kusan 210, wato ya wuce mai lita 3.2 ɗin, ga shi kuma ya fi shi sauƙin sarrafawa. Har yau wannan dangi na 325 shi ne matasan Soweto ke yi wa kirari da Gusheshe, shi ne kuma ginshiƙin wasan juya mota da suka shahara da shi.

Ita kanta M3 ɗin da suka rasa, nawa ne injinta? Fulogi huɗu ne kacal, lita 2.3, doki 200. Da shi Roberto Ravaglia ya ci gasar duniya ta irin waɗannan motoci a 1987. Abokiyar hamayyarta ma, Mercedes 190E, wadda muka sani a titunanmu da sunan wan-nainti, haka labarin yake: mai lita 2.3 da bawul 16 tana ba da doki 185, ta fi 'yar uwarta mai fulogi shida da lita 2.6 ƙarfi. A watan Agustan 1983 aka kai ta filin Nardo na ƙasar Italiya ta yi tafiyar kilomita 50,000 a matsakaicin gudun kusan kilomita 248 a awa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Hujjar masu babban inji

Zan yi wa masu babban inji adalci, domin suna da abin faɗa. Babban inji ba ya wahala kafin ya ba da ƙarfi. Ba sai ka kai shi maƙura yana kururuwa ba, daga taɓa totur ya amsa. Injin M60 mai fulogi takwas da lita 4, wanda ke cikin manyan BMW na shekarun 1990, yana ba da doki 286, ƙarfin murɗawarsa kuma 400 a ma'aunin Nm, alhali M50 bai wuce 250 ba. Na alminiyam ne, don haka nauyinsa bai kai yadda ake zato ba. Ga kuma amon da yake fitarwa, wanda ni kaina ina jin daɗinsa.

Sukan kuma kafa hujja da Amurka, inda Carroll Shelby ya ɗauko ƙaramar motar Ingila ta kamfanin AC ya ɗora mata injin Ford mai fulogi takwas a 1962, aka sami Cobra. Gaskiya ne. To amma a ƙarasa labarin mana. Da Shelby ya tashi daga injin lita 4.7 zuwa mai lita 7 a 1965, sai da aka sake ginin motar tun daga ƙashin bayanta: aka sa bututun ƙarfe masu kauri, aka sauya tsarin ƙafafu gaba ɗaya, aka faɗaɗa jiki don ya ɗauki manyan tayoyi. Kuma kofin duniya da ya ci a wannan shekara ta 1965, da mai lita 4.7 ɗin ya ci shi.

Wannan shi ne abin da samarinmu ba sa sakawa a lissafi. Inji ba shi kaɗai yake zuwa ba, da iyalinsa yake tafe. Ranar da ka sayi mai fulogi takwas, ka sayi giyarsa, ka sayi kulocin da zai iya riƙe shi, ka sayi furofela da za a yanke a daidaita, ka sayi aksil na baya mai ƙwari, ka sayi babban lagireto da fanka, ka sayi salansa da za a lanƙwasa da hannu, ka kuma ɗauki rewaya aiki na makonni. Saboda faɗinsa, a E30 yakan ci wurin tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, sai an matsar da ita ko an sake dabara. Abin takaici, wasu cire ta suke yi gaba ɗaya. A ƙara wa mota doki ɗari, a rage mata birki, wannan wane irin lissafi ne?

Shi kansa kamfanin, da ya tashi daga 318i mai doki kusan 115 zuwa 325i mai doki 170, bai tsaya ga sauya inji ba. Ya sa birkin faifai a baya inda da yawa daga cikin ƙananan ke da na kwano, ya sa ƙafafun gaba masu kauri, ya sa aksil mafi girma. Wannan don ƙarin doki hamsin da 'yan kai ke nan. Ina ga wanda zai tashi daga 115 ya dira a 286, a kan ƙafafu da birkin da suka shekara talatin da ɗoriya suna shan ramukan titi?

Sannan a tambayi riba. Iska ce babbar abokiyar gabar mota a babban gudu, kuma dokar kimiyya ita ce, in kana son ka ninka ƙurewar gudunka sau biyu, sai ka ninka ƙarfin inji kusan sau takwas. Saboda haka tashi daga doki 170 zuwa 286 ba zai ƙara maka fiye da kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudu ba. Ita kuwa 325i, yadda ta fito daga masana'anta, tana haura kilomita 200 a awa, ninki biyu ke nan na kilomita 100 da doka ta yarje wa ƙaramar mota a babbar hanya a Nijeriya. A wane titi za ka kashe ragowar?

Hujjar masu turbo

Su kuma masu ƙaramin inji da turbo, a takarda sun fi kowa gaskiya. A 1983 Nelson Piquet ya zama zakaran Formula 1 da injin BMW mai fulogi huɗu da lita 1.5 kacal, kuma bayan 'yan shekaru irin wannan inji ya haura doki 1,000 a zagayen neman gurbi. Tun 2014 motocin wannan gasa lita 1.6 suke amfani da shi. Turbo yana da wata fa'ida kuma ga mazauna tudu. Inji marar turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don haka a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ya yi asarar fiye da kashi goma tun bai motsa ba, shi kuwa turbo yana cike wannan giɓi.

Matsalar ita ce turbo ɗan gata ne, ba ya cin tuwon kowane gida. Yana matse iska, iskar da aka matse kuma zafi take yi. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke haura digiri 40. Iska mai zafi, matsi mai yawa, da fetur mai rauni, in suka haɗu a silinda sai man ya kama wuta da kansa ba a kan tsari ba, ya riƙa dukan fistin kamar guduma, har ringi ya karye ko kan fistin ya narke. Ƙarfin da fetur ke da shi na jure wannan matsi shi ake auna wa da lambar okten. Mafi ƙarancin da ƙungiyar ECOWAS ta tsayar wa ƙasashenta a 2020 shi ne 91. Mutumin da kake kallo a bidiyo daga Jamus ko Ingila yana zuba mai 98 ne a tankinsa, a garin da ake sa rigar sanyi. In ka kwafi saitinsa ka kawo nan, ka yi wa injinka tanadin makara.

Ban da wannan, liƙa turbo a injin da ba a haife shi da shi ba aiki ne na kwamfuta. Sai an sake rubuta wa ƙwaƙwalwar inji lissafin mai da na wuta, a kan na'urar gwaji, a hannun wanda ya san abin da yake yi. Makanikanmu gwanaye ne, na sha faɗa, da kunne kawai wani zai gaya maka ciwon inji. Amma wannan fanni ba na kunne ba ne, kuskuren daƙiƙa biyar a cikinsa ya isa inji ya buga. Ƙara da ƙurar hunturu, wadda in ta sami kafa ta wuce matatar iska take cinye fukafukan turbo da ke juyi sama da sau dubu ɗari a minti, da kuma baƙin mai na jabu da ya cika kasuwa. Wanda ke da ƙwararren mai saiti, da amintaccen wurin sayen mai, da kuɗin sayen inji na biyu in na farko ya tafi, ya yi turbonsa, ban hana shi ba. Mu nawa ne muka cika waɗannan sharuɗɗa uku?

Aljihu da kasuwa

Akwai lokacin da za a iya kau da kai daga maganar shan mai, amma ya wuce. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi, cewa injin fetur in an take shi har ƙasa yana shan kusan kashi uku cikin goma na lita a awa a kan kowane doki. In ka buga lissafi, mai doki 170 zai sha kusan lita 50 a awa, mai 286 kuma kusan lita 85, tankin E30 kuwa lita 55 ne zuwa sittin da 'yan kai. Ko turbo ne ko babban inji, doki sai da harawa. Na san motoci da aka kashe musu dukiya, yau suna fake an lulluɓe su da tamfol, mai su yana hawa ɗan sahu, sai ranar biki ake zuba musu galan biyu a zaga unguwa. Motar da ba a hawa ba ta koya wa mai ita tuƙi.

Sai maganar kayan gyara. Kafin ka zaɓi inji, taka ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka tambayi famfon ruwansa, da gaskit ɗinsa, da na'urorin da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Wanda ka samu a shago uku cikin biyar, shi ne injinka. Wanda aka ce maka sai an yi oda daga waje, a farashin dalar yau, ka yi masa sallama tun kuna shiri. Injinan lita 2.5 an zuba su a motoci masu ɗimbin yawa, a jerin 3 da jerin 5, shi ya sa kayansu 'yan Beljiyam suka fi samuwa, makanikai kuma suka fi sanin cikinsu.

Akwai wani tarihi kuma da ya kamata mai sayen tsohon inji ya sani. Injin M60, da kuma M52 na farko-farko da aka sayar a Turai, cikin silindarsu an shafe shi da wani sinadari mai suna Nikasil. A shekarun 1990 aka gano cewa fetur mai yawan salfa, wato farar wuta, yana cinye wannan shafi, har kamfanin ya riƙa sauya wa mutane inji a Amurka da Ingila. Mu kuma yankinmu ya daɗe yana shan mai irin wannan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yawan salfa a man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Benin da Gana da Mali. Shi kuwa M50, da M20, gangar jikinsu ta baƙin ƙarfe ce, ba ruwansu da wannan ciwo. Ko wanne za ka saya dai, kada ka biya sai an gwada matsin kowace silinda a gabanka.

Abin da zan yi in ni ne

In an ba ni E30 mai lafiyayyen jiki aka ce in tashe ta, ba da inji zan fara ba. Zan fara da duba ƙarƙashinta ko tsatsa ta ci wuraren da ƙafafu ke kamawa. Daga nan sai tayoyi sababbi, ba 'yan gwanjo da suka shekara goma a ajiye ba, domin duk ƙarfin da inji ya haifa ta wurare huɗu masu faɗin tafin hannu yake isa ƙasa. Sai birki, faifai gaba da baya, da sababbin bututu da sabon mai. Sai ƙafafu da robobinsu. Sai lagireto, wanda a ƙasarmu shi ne ran inji. Sai kujera mai riƙe jiki da bel mai aiki. Abin da ya rage a aljihu bayan wannan, shi zai gaya mini injin da zan iya.

In motar da M20 ɗinta ta zo, zan bar mata abinta, in sauya masa bel ɗin taimin a kan kari, don in ya tsinke bawul da fistin karo suke yi. In kuwa 318i ce, ko injin ya gaji, sai in nemi M50. Shi ma ba a ɗora shi haka nan kawai, yana buƙatar kaskon baƙin mai irin na jerin 5 ƙirar E34 da ɗan gyara a wajen tukunyar birki, amma hanya ce da dubban mutane suka bi ta zama burtali. Doki 192 a motar da ba ta wuce kilo 1,200 ba, ya kama doki 160 a kan kowane tan. Babbar mota mai kilo 1,800 sai ta nemi doki kusan 290 kafin ta yi kafaɗa da ita. Rage nauyi ma ƙara ƙarfi ne, kuma shi ba ya shan mai.

Wanda motarsa ba BMW ba ce, ƙa'idar ba ta sauya ba: ya nemi inji mafi ƙarfi da masana'anta ta taɓa sakawa a irin jikin motarsa, ko wanda ya ɗara shi kaɗan daga gida ɗaya, ya tsaya a nan. Iyayenmu da suka yi zamani da Peugeot 504, Fijon da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, za su tuna cewa a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, da injin lita 2 mai fulogi huɗu, a gaban motocin da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta ci ne don ta jure hanya ta kai ƙarshe. A hanyoyin Afirka, iya ruwa fidda kai.

Magana ta ƙarshe ita ce ta inda za a taka wannan mota. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A 160 tana cin 44, kuma nisan da birki ke buƙata ya tsayar da ita ya ninka sau biyu da rabi. Titunanmu kuwa na kowa da kowa ne, akwai mai kura, akwai ɗan makaranta, akwai akuya, akwai tsohuwa mai tsallakawa. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san yadda wasan mota a rakiyar amarya ko ranar salla ke mai da gidan biki gidan makoki. Mutanen Afirka ta Kudu da na ambata sun ɗauke wasansu daga kan titi sun kai shi filaye masu shinge, har ya zama wasa mai rajista da dokoki da 'yan kallo masu sayen tikiti. Ina ganin kuɗin da samarinmu goma za su kashe wajen neman fulogi takwas, da sun haɗa shi sun nemi izini da fili a bayan gari, sun kewaye shi da tsofaffin tayoyi, da sun fi cin riba, da kuma iyaye sun daina ganin wannan sha'awa a matsayin iskanci. A irin wannan fili agogo ne alƙali, kuma a nan za a gane cewa direban da ya san motarsa mai lita biyu da rabi ba ya jin tsoron kowa.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa da alƙaluma mu auna. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu sauka lafiya.